Cinikin Silikin Da Ya Kai Ni Bakin Kogi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ajinmu ya je tsohon zauren 'yan kasuwa na birnin Lyon a Faransa ba. A nan ne fataken Italiya suke canjin kuɗi da cinikin siliki ɗaruruwan shekaru da suka wuce (yau coci ne, ko ƙyalle ba a sayarwa). Tun kafin ranar Madam, malamarmu, ta ce za mu kwaikwayi cinikin zamanin a ƙofar zauren, kuma da maki. Ni da ko sunana aka kira a aji sai na kalli takalmina, ni aka ba matsayin mai saye.

Ana gobe tafiyar, da yamma na je shagon Baba a unguwar Guillotière neman ilimi. Baba Bamaraɗe ne, ciniki gadonsa.

"Ɗiyata, abu guda ne," in ji shi. "In ya faɗi kuɗi, ki taya rabi. In ya ƙi, ki juya ki tafi. Kada ki waiwaya. Shi zai kira ki."

Washegari a ƙofar zauren, mai sayarwa wani yaro ne ɗan ajinmu, Tibo, ya rataya gyalen mamarsa mai ƙonon guga a gefe a matsayin siliki. Ya faɗi kuɗi, na taya rabi, har muryata ta fito. Ya duba takardar wasan da Madam ta ba shi, ya ce, "Non," wato a'a.

Na juya cikin ƙasaita, sai ka ce wata Hajiya mai kwantena.

Na sauka matakala, shiru. Na wuce masu shan kafe, shiru. Ƙeyata har ƙaiƙayi take, amma Baba ya ce ban da waiwaye. (Ashe a takardar Tibo ba inda aka rubuta "kira ta".) Sai a bakin kogi Madam ta cim mini tana haki, takalmi ɗaya a hannu, tana tambaya wa ya ɓata mini rai. Duk ajin na biye da ita, har da masu yawon buɗe ido da wayoyinsu.

Madam ta kira Baba a waya. Ya saurara, ya ce a ba ni.

"Kin waiwaya?"

"A'a, Baba."

"Madalla! Yaron ne bai iya kasuwa ba."

Madam dai a takardata ta rubuta "ba ta kammala ba". Kafin in isa gida labari ya kai wa gwaggona a Paris, yanzu Hajiya Ba-Waiwaye take kirana.

Tun daga ranar, kafin in juya wa kowa baya, sai na tabbata ya san aikinsa ne ya kira ni.