Murjanin da Na Tsabtace

A shekarar da sojoji suka koma bariki, ɗana ya yi tafiya, ya bar mini amanar murjaninsa mai rai, halittar nan ta teku mai kama da dutse, cikin akwatin gilashi na ruwan teku. Abincin da ya ce in riƙa ɗiga masa yana gurɓata ruwan, ni kuwa horon 'yan mishan ne, ba na zama da ƙazanta. Na dakatar da abincin. Murjanin ya yi fari fat, har na kira maƙwabtanmu na Agege su ga tsabta.

Da ɗana ya dawo, ya daɗe yana kallo. "Baba, yunwa ce ta kashe shi."

Har yau in na sa farar riga, mahaucin layinmu yakan ce, "Malam, ana dai ba ka abinci ko?"