Ranar da Na Doke Hannun Arɗo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na doke hannun dattijo mai shekara saba'in a gaban jama'a, ni da nake shugabar zumuntar mata a ikilisiyarmu, ni da nake yi wa amare wa'azin ladabi.

Maigidana ya yi ritaya daga aikin hedimasta, muka shirya godiya a coci, daga nan liyafa a gidanmu a Kafanchan. Ni kuwa na rantse ba za a tashi a ce shinkafa kawai aka ci ba. 'Yata Rahila ta koya mini wani abu da suke ci a Abuja, wai shi silaida. Ƙananan biredi ne, a raba su biyu, a shimfiɗa naman alade mai gishiri yankan fale-fale, a ɗora cukun kanti mai narkewa, a rufe, a shafe saman da man shanu, a gasa. Ni na ƙara citta ta Kwoi da tafarnuwa a cikin man, don ban yarda da abincin da ba ya magana a baki ba. Ba ni da na'urar gashi, a babbar tukunya da yashi nake yi, gawayi sama da ƙasa. Sau uku na gwada kafin ranar, maigida ya cinye har da wanda ya ƙone. (Ya ce don kada a yi asara ne. Ƙarya yake yi, daɗi ya ji.)

To, akwai Inna Dudu, Bafulatanar da ta fi shekara ashirin tana kawo mini nono da man shanu daga rugarsu ta wajen Godogodo. Mijinta shi ne Arɗo, kuma 'ya'yansu uku a hannun maigidana suka koyi karatu. Tun shekarun da gari ya rikice ba su sake taka wani biki a unguwarmu ba. Da ƙafata na je na gayyace su. Inna Dudu ta ce, "Maman Rahila, abincinku fa?" Na dafa ƙirji na ce, "Inna, a wuyana. Abin da bai halatta gare ku ba, ba zai kusanci bakinku ba."

Kowa a nan ya san yadda ake yi idan akwai baƙi Musulmi. Na kira mahauci Musulmi ya yanka kaji, na sayi sabuwar tukunya da sabuwar wuƙa, na gasa silaidar kaza tun kafin in taɓa alade. Sai na yi dabarar da na ɗauka ta masu ilimi ce: na alade na barbaɗa masa riɗi, na kaza na bar shi haka. Mai riɗi namu, marar riɗi nasu. Na gaya wa mata biyu masu rabo wane tire ne na wa, na tafi saka kaya. Mutum ɗaya na manta ban gaya wa ba, Yaya Saraya, yayar maigidana, wadda ba ta iya wuce abinci ba tare da ta gyara shi ba.

Na fito cikin leshi ruwan zuma, ɗaurin kai ya kai rufin kanofi, ina tafe ina karɓar yabo. Matar fasto ta riƙe hannuna tana tambayar yadda ake yi, ni kuma ina ta "ai ba wani abu ba ne", alhali kaina ya kusa fashewa. Ina cikin haka idona ya faɗa kan teburin Arɗo. Tire a gabansa, kowane biredi fal da riɗi. Ya ɗauki ɗaya, ya yi bisimilla, hannu ya kama hanyar baki.

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Na ture kujerun roba biyu, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya, ɗaurin kai ya sauka a cinyar wani dattijon coci. Na isa, na kai wa hannun Arɗo duka, tas. Biredi ya yi sama ya faɗo cikin kofin zoɓon fasto.

"Baba, alade ne!"

Mai gabatarwa yana riƙe da makirufo kusa da ni, don haka har masu okada a bakin titi sun ji. Kiɗa ya tsaya. Maigida ya miƙe da cokali a hannu. Arɗo yana kallon hannunsa, ni ina huci, ƙafa ɗaya ba takalmi, gashina da ban gama kitso ba yana gaishe da jama'a.

Inna Dudu ce ta miƙa hannu a hankali ta ɗauki ɗaya, ta buɗe shi, ta duba, ta sunsuna. Ta ce, "Maman Rahila, wannan ai kaza ce."

Daga baya sai ga muryar Yaya Saraya: "Ni na sa musu riɗi. Na ga an bar na baƙi tsirara kamar ba a so su, na ce wannan rowa ba a gidan ƙanena ba." Masu rabo ba su yi kuskure ba ko kaɗan. Na alade yana can teburin dattawan coci, har sun kusa ganin ƙasan tire.

Na so ƙasa ta tsage. Na durƙusa, leshi da komai, na ce, "Baba, ka gafarce ni, na yi rashin kunya." Zuciyata tana ce mini shi ke nan, sun zo sau ɗaya an doke su, ba za su ƙara zuwa ba.

Arɗo ya shafa bayan hannunsa. Ya ce, "Tashi, 'yata. Na sha zuwa biki a garin nan. In an ba ni abinci ina karɓa don kunya, in taɓa shi da leɓe, in ajiye. Yau ma haka na yi niyya." Ya dubi tiren. "Amma gidan da ake dukan mutum don kada ya ci haram, zan ci in ƙoshi. Miƙo mini da hannunki."

Na miƙa masa. Ya ci. Ya ci na biyu. A na huɗu ya tambaya ko man shanun Dudu ne, na ce shi ne, ya ce shi ya sa. Da za su tafi Inna Dudu ta ƙulle guda shida a gefen zane, ta ce da Sallah in zo ruga in koya wa surukanta.

Na je, na koya musu, da kaza. Har yau 'yan zumunta in sun ga na nufo tebur sai su ɓoye hannuwansu a baya, ni kuma sai in ɗaga kai in wuce, don kunyar ta tafi ta bar ni da alfahari. Abin da na koya shi ne, in za ki yi dabara a kicin, fara sanar da yayar mijinki. Arɗo kuwa bai sake fashin bikinmu ba, sai dai kafin ya kai loma baki yakan ɗago ya nemi inda nake tsaye.