Uwar Tagwaye Ta Rasu a Kan Gaskiyarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, da leɓe a kumbure, da haƙarƙarin da ba ya barina in yi tari, ni Lombe Kabaso na unguwar Kankoyo a nan Mufulira, a madadin iyalina da duk mai kunnen jin kiɗa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar garmahona, Bana Mpundu, wato Uwar Tagwaye. Ta rasu ranar Lahadin da ta wuce bayan an taso daga coci, a barandar gidanta, a gaban jama'a. Ba jinya ta yi ba. Kashe ta aka yi, kuma wanda ya kashe ta yana jin wannan sanarwa, domin shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nasa.

Marigayiya ta shigo gidan nan shekarar da aka haifi 'yata Nsofwa. A baro muka ɗauko ta daga kanti, ni da maƙwabcin nan nawa Yotamu Jere, yana turawa ina rungume da ita. Ni da Yotamu kejin ƙarfe ɗaya ke sauke mu ramin haƙar tagulla kowace safiya. Shi ɗan ƙabilar Ngoni ne, ni ɗan Bemba, saboda haka tun kafin a haife mu abokan wasa ne mu: shi maci ɓera, ni maci biri. Shi ya raɗa mata suna da ya ga lasifika biyu a gefenta. Ya ce, "Kai ɗan biri, ga mace ta haifa maka tagwaye ko sadaki ba ka biya ba."

Mai haƙuri ce, mai kunya, ba ta taɓa buɗe baki ba a tambaye ta ba. In an ɗora mata allura sai ta ɗan gyara murya, kirrr, ƙas, sannan ta fara. A shekarun nan da muke bin layin sukari da sabulu da man girki, ita kaɗai ce a gidan nan ba ta taɓa cewa ya ƙare ba. Ba ta tsallake waƙa sai in Yotamu ya tashi rawa, shi ma ɗin laifin ƙafarsa ne, don mutumin nan in ya taka ƙasa har kwanukan kicin sai sun amsa.

Ta yi wa kowa hidima. Ta yi kiɗan rumba a bukukuwa, ta yi waƙoƙin coci saboda uwar Nsofwa. Amma aikin da aka san ta da shi, wanda ya sa barandar nan take cika duk Lahadi, shi ne faya-fayan Masu Gemu. Wasu Turawa ne biyar masu gashi har kafaɗa, sunan ƙungiyarsu ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka sa musu namu. Kiɗan rok suke yi, amma ba irin na tsalle-tsalle ba. Waƙa ɗaya sai ta cinye fuskar faifai gaba ɗaya. Sarewa ta fara ita kaɗai, piyano irin na coci ya biyo ta, mai ganga ya yi ta sauya taki har ka rasa inda za ka ajiye ƙafa, mai jita ya yi ta hawa yana hawa ka ce ba zai sauko ba. Ƙartin da suka wuni suna fasa dutse a cikin duhu sai ka ga sun yi tsit, giya tana hucewa a hannu. Na sha ganin Yotamu yana hawaye. In na yi magana ya ce hayaƙin gawayi ne.

Sai Masu Gemu suka yi shiru, shekara ta bi shekara. Muka goge tsofaffin faya-fayan har suka fara fari. Da labari ya zo cewa sun yi sabo, unguwar nan ba ta ƙara zama lafiya ba. Yotamu ya rantse a cikin keji, a gaban kowa, cewa wannan zai binne na baya duka, wai mutanen da suka yi shiru haka ba ƙaramin abu suke dafawa ba. Wani direban babbar mota ya samo mana shi a Darussalam, a cikin ledarsa, ba a buɗe ba. Na so mu saurara mu biyu tukuna. Yotamu ya ce, "Haba, rowar Bemba har a kunne? A tara jama'a!"

Aka tara jama'a. Uwar Nsofwa ta tuƙa nshima, tuwonmu na masara, ta soya ƙananan kifin kapenta, ta yanka kaza. Aka aro benci daga coci. Na goge marigayiya da man katako har tana ɗaukar ido, na sa mata sabuwar allura. Da aka yage ledar muka ga hoton bango: mutum biyar sun aske tas, sun sa kwat, suna zaune a kan bonet ɗin mota suna washe baki. Yotamu ya ce zafi ne ya dame su, a sa mana kiɗa.

Daga nan ajali ya fara. Ta gyara murya yadda ta saba, kirrr, ƙas. Abin da ya biyo baya kuwa, tafi ne. Taf, taf, taf. Sai wata 'yar ganga ta inji, tik-tak, tik-tak, ba hawa ba sauka, sai murya siririya tana ta "u-la-la, u-la-la". Ba sarewa, ba piyanon coci. Kafin mutum ya kai loma ta uku waƙar ta ƙare, wata irinta sak ta fara.

Wani daga can baya ya yi dariya. Yotamu ya miƙe ya ce, "Ba su ba ne. Injin ne ya lalace."

Na ce, "Jiya-jiya ta yi mana tsohon faifai lafiya lau."

"To yau ta kwana da zazzaɓi. Gudu take yi, ba ka ji muryar ta zama ta akuya ba?"

Ya murɗa maɓallin gudu ya rage, u-la-la ta koma ta mashayi. Ya ƙara, ta koma ta jarirai. Ya ɗora kwabon ngwee a kan allura wai nauyi ne ya yi kaɗan. Marigayiya ta ci gaba da faɗin abin da aka rubuta mata, taf, taf, tik-tak. Sai ya ɗauke ta da mari a gefe.

Na ce, "Yotamu, sauke hannunka."

"Haka ake yi musu, waya ce ta saki a ciki."

Ya ƙara mata wani, da dunƙulen hannu wannan karon, allura ta yi tsalle ta dira a wata waƙar, ita ma u-la-la. Jama'a suka fara ihu, wasu na cewa a ƙara mata, wasu na cewa a dawo musu da Lahadinsu. Wanda ya yi dariyar nan ya ce, "Jere, wannan ne abin da aka daɗe ana dafawa?" Idon Yotamu ya yi ja. Ya tuɓe takalminsa na aiki, mai ƙarfe a baki, ya ɗaga ya sauke mata a kan murfi. Gilas ya tarwatse cikin kwanon kaza.

Ban san lokacin da na tsallake benci ba. Na sa masa kai a baki, haƙorinsa na gaba ya faɗo cikin kofin wani. Ya damƙi wuyana ya haɗa ni da ginshiƙin baranda, na ji haƙarƙarina ya ce ƙas. Muka zube ƙasa muna birgima cikin miya da garwashi. Masu rabon faɗa suka shigo, ɗaya ya sha gwiwar hannu a ido, shi ma ya rama a kan na kusa da shi, kafin ka ce me benci na coci yana yawo a sama. Kwalba ta fashe a kan wani. Uwar Nsofwa tana kururuwa tana dukan duk wanda ta samu da muciya, har da ni. Duk wannan bala'i marigayiya tana kan teburinta da fasasshen murfi tana juyawa, tana aikinta, taf, taf, taf.

A nan ne na faɗi maganar. Jini na zuba a bakina na ce, "Daga yau babu wasa tsakanina da kai. Kai ba kowa ba ne a gidan nan." Duk hayaniyar sai da ta tsaya, domin tsofaffin da ke wurin ba su taɓa jin Bemba ya faɗa wa mutumin Ngoni haka ba. Yotamu ya dube ni. Ya waiga ya ga taɓarya a jikin turmi, ya sure ta da hannu biyu, ya kawo min ita a ka. Na sunkuya. Uwar Tagwaye ta karɓi dukan da aka nufe ni da shi, a tsakiyar ƙirjinta. Katako ya tsage biyu, hannun allura ya yi tsalle ya faɗa kwata, ta sulale daga kan tebur ta bugi siminti. Maganarta ta ƙarshe ita ce "u-laaa", a hankali, sai wani ɗan huuu daga lasifikar hagu, sai hayaƙi. Yotamu ya yar da taɓarya ya fita da takalmi ɗaya.

Shi kuwa faifan, ko ƙwarzane bai yi ba. Washegari na kai shi gidan dattijo Chilufya, wanda yake da garmaho sabo fil, muka ɗora. Taf, taf, taf. Tik-tak. U-la-la. Muka juya ɗaya fuskar, ta fi ta farko lalacewa. Dattijo ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, Uwar Tagwaye ba ta yi ƙarya ba. Abin da suka yi ke nan." Wallahi a nan na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Baiwar Allah lafiyarta ƙalau, gaskiya ta faɗa, mu ne muka kasa ɗauka. Na ɗauki faifan na karya shi a gwiwata, na tattake gutsattsarin a ƙofar gidan mutane, na bi su da dutse har sai da dattijo ya riƙe ni. Su kuma Masu Gemu, duk inda suke da sumul ɗin haɓarsu, Allah ya isa tsakaninmu da su.

Marigayiya ta bar tagwayenta biyu, na dama lafiyarsa lau amma bai ƙara magana ba, na hagu ya ƙone ciki. Ta bar marayun faya-fayai cike da kwali, babu mai juya su. Ta bar allura sabuwa da ba ta yi kwana ɗaya a ɗakinta ba, da tebur mai ƙafa uku, da bencin coci guda da har yanzu ban san abin da zan gaya wa fasto a kansa ba. Ta bar ni.

Akwai kuma wanda ban san a layin da zan sa shi ba. Tun ranar Yotamu bai ce min ci kanka ba. A keji yana juya min ƙeya. Na yi tsammanin ya ji labarin gidan Chilufya ya leƙo ta kan shinge ya zage ni, in zage shi, a wuce wurin. Shiru. Shekaranjiya matarsa, uwar Tisa, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba. Ta ce da matata, "Yaya, ya ajiye aiki. Ya ce mu ɗaure kaya mu koma garinmu Chipata, mota za ta zo ranar Asabar da la'asar. Ya ce haƙori ba komai ba ne, amma garin da aka ce masa shi ba kowa ba ne, ba zai ci gaba da zama a cikinsa ba."

Uwar Nsofwa ta juyo kaina. "Ka ji ko? Tashi ka je ka ba shi haƙuri."

"Ni? Shi ya yi kisa a gidana!"

"To zauna da gawarka. Ka ga wanda zai riƙa jan ka daga rami in dutse ya faɗo, kai da bakinka mai kama da na tsohon kare."

Ba zan ba shi haƙuri ba, kowa ya ji. Mutum ya ɗaga min taɓarya. Amma ba na son ya tafi, wannan ma kowa ya ji. Shekarun da muka yi muna sauka rami tare sun fi na aurena yawa, kuma ban san yadda ake jin kiɗa ba tare da wani ɓeran yana taka min ƙafa ba.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Za a yi zaman makoki daren Juma'a, maza a waje gefen wuta, mata a ciki. Kada kowa ya zo da rediyo. Za a binne marigayiya ranar Asabar da hantsi a bayan gida, gindin mangwaro, a cikin kwalinta na kanti. Dattijo Chilufya zai yi addu'a. Duk wanda ya yi tafi a wurin, ko da wasa, zan fasa masa kai.

Sauran aikin kuwa ba namu ba ne, kowa ya san al'ada. Bemba ba ya haƙa wa mamacinsa kabari alhali akwai mutumin Ngoni a unguwa. Shi zai haƙa, shi zai ɗauki gawa, shi zai zauna a bakin rami ya hana a rufe sai an lallashe shi, shi zai bulbule ni da garin masara daga kai har ƙafa, ya kira ni maci biri a gaban surukaina, ni kuma ba ni da bakin cewa uffan. Abokin wasa ba ya ƙin gawa, ko da shi ya kashe ta. A duk layinmu kuwa mutumin Ngoni ɗaya ne. Na jingine diga da shebur a ƙofarsa, uwar Nsofwa ta auna gari kwano guda ta ajiye. Ba wanda zai taɓa ƙasar nan sai shi, ko da za mu tsaya a rana har la'asar.

In ya zo, a ba shi hanya, kada wanda ya tambaye shi haƙori. In kuwa motar Chipata ta wuce da shi, to jama'a kada ku watse, ku koma ku zauna, makoki biyu ne a gidan Kabaso, kuma na biyun ba ni da wanda zai haƙa masa rami.

Allah ya jiƙan Uwar Tagwaye, ya ba mu haƙurin rashinta.

Sanarwa daga Lombe Kabaso, uban Nsofwa, a madadin iyali.