Ɗakin Ƙarar Bature

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da awon wuyan mutanen da na daɗe ina yi wa ɗinki, amma ba zan taɓa mantawa da Talatar da na durƙusa a bayan ɗakin Bature ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni tela ne. A unguwar Bariki ta Talata Mafara aka haife ni, nan na girma, nan shagona yake. Kuma gara in faɗa tun da wuri, Allah ya ba ni baki. Mahaifiyata takan ce, da a ce keken ɗinkina da surutu yake aiki, da ban taɓa saɓa wa mai kaya alkawarin Sallah ba. Duk surutun nan kuwa, rabinsa a kan Bariki yake ƙarewa, don ina son unguwar nan kamar ni na zana ta.

Ai dole a so ta. Nan ne Turawan mulki suke sauka in sun zo rangadi, shi ya sa aka kira ta Bariki. Darbejiyoyin da aka shuka tun wancan zamani suna nan jere, sun haɗe kai ta sama, ko rana ta take sai ka bi layin nan ba ka yi gumi ba. Akwai wani tsohon kwalbati da ya raba unguwar biyu. Daga shi zuwa kan tudu ana cewa Barikin Sama, inda jikokin masinjoji da kukuna da 'yan doka suke zaune. Daga shi zuwa gangare kuma Barikin Ƙasa ce, ta mahauta da dillalan shanu. 'Yan Ƙasa suna kiran mu jikokin masu wanke faranti, mu kuma mu ce musu ƙudaje ne danginsu na kusa. (Duk da haka, ba a taɓa suna a Sama ba tare da mahaucin Ƙasa ya zo fiɗar rago ba, kuma ba a biki a Ƙasa sai da telan Sama.)

A lokacin ina neman auren Shafa'atu, wata yarinya 'yar Maradun da ke koyarwa a makarantar firamare nan garin. Mahaifinta ya rasu, maganar aurenta duk tana hannun baffanta, Alhaji Bawa, wanda ban taɓa gani ba. Abin da na sani kawai, babban dillalin shanu ne, kuma ya riga ya kori manema biyu. Ta gargaɗe ni cewa za a zo bincike a kaina, kamar yadda aka saba, a tambayi asalina da halina, kuma in baffa ya ce a'a, magana ta mutu. Tun daga nan na zama waliyyi. Ni ne sahun farko a masallaci, ni ne gaida tsofaffi har ƙasa. Duk saurayin da na ga yana leƙe-leƙe a layinmu sai in gyara hula in sunkuyar da kai, don a tunanina mai bincike wani matashi ne za a turo ya yi ta shinshine-shinshine.

Ranar Talatar na je tasha karɓar yadin da aka aiko mini daga Gusau. Gari ya cika maƙil, masu albasa da tumatir daga Bakura, masu shinkafa daga gonakin dam, 'yan kabu-kabu suna ta ihu. Sai ga wani tsoho ya sauko daga mota, da kaftani fari da ya sha wanki, da sanda, da 'yar jakar leda. Ya dube ni ya yi sallama. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya koma ya tambayi gida. Sannan ya ce, "Samari, ko ka san hanyar Bariki?"

Ni aka tambaya hanyar Bariki! Na ce, "Baba, ka hwaɗo hannun ɗan gida. Kawo jakar ga." (Eh, na ga motar Maradun ce. Amma ranar Talata rabin Maradun a Mafara suke wuni, kuma ni Alhaji Bawan da ke cikin kaina yana da tumbi da babbar riga da direba.)

Na saɓa yadina, na riƙe jakarsa, muka kama hanya. Bai ce in ba shi tarihi ba. Ni ne na ga bai kamata baƙo ya shiga Bariki da duhun kai ba. Na nuna masa kwalbati, na ba shi labarin Sama da Ƙasa. Na nuna masa tsohuwar rumfar da ake auna auduga, da ƙugiyar sikelin da har yau take lilo a jikin ƙarfe. Duk abin da na faɗa sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, to." Da muka iso rijiyar Bature, mai bakin siminti da igiya ta yi wa zane-zane, ya tsaya ya dafa bakin ya daɗe yana kallon ruwan, har na ga idonsa ya kawo ƙwalla. Na ce a raina, kai, yau bayanina ya ratsa mutum. Sai na ƙara murya.

Muka hau tudu. Gidan Baturen kansa ya daɗe da rushewa, sai dandamalinsa da matakala, awaki suna kwance a kai. Amma can gefe akwai wani ɗan ɗaki na dutse da ya ƙi faɗuwa, ginin da ko yau ka kai masa gatari sai gatarin ya ji jiki. A cikinsa akwai ɗan dakali da samansa ya farfashe, a bayansa kuma, can ƙasa daf da turɓaya, akwai wata 'yar ƙofa da ba ta fi shigar kan mutum da kafaɗa ba. Wannan ɗaki shi ne abin alfaharina. Tun muna yara muke ce masa ɗakin ƙara, ban san wanda ya fara faɗa ba, ban kuma taɓa tambayar kowa ba. Duk baƙon da na yi sai na kai shi, har malaman makarantar su Shafa'atu na kai.

Na ce, "Baba, nan Bature ka zama shi yi shari'a. Bisa dakalin ga. Shiga ka zamna ka ji yadda mulki yake."

Ya leƙa, ya ce, "A'a, na gode. Tsayuwa ta hi."

Na ce, "To zagayo ka ga abin mamaki. Ka ga 'yar ƙohwar ga? Talakka bai isa shi ga huskar Bature ba. Nan za shi durƙusa, shi sa kai, shi hwaɗi kukanai."

A ƙarƙashin tsamiyar da ke kusa kuwa, Inna Ige mai ƙuli-ƙuli tana zaune da tirenta, ga wasu dattawan unguwa a kan tabarma. Na lura duk sun bar hira sun juyo, kamar yadda suke yi duk sanda na kawo baƙo. Na ɗauka girmamawa ce. Sai na aje yadi, na tattare rigata, na durƙusa gwiwa bibbiyu, na cusa kaina cikin 'yar ƙofar, na ɗaga murya yadda duk tudun zai ji: "Ranka shi daɗe! An ci mani gona! A bi mani hakkina, ranka shi daɗe!"

Na kasa kunne ina jiran "to, to". Sai na ji an taɓa ƙafata da sanda a hankali.

"Samari, hito da kanka. Nan ba ƙara aka miƙawa ba. Bokiti aka zarowa."

Ban gane ba. Kaina yana ciki na ce, "Na'am?"

"Masai na, ɗana. Masan Bature. Shi zamna bisa dakali, bokiti na ƙasa, da sahe mai kwasa shi zo ta nan baya shi zare. Ubana shi ak kukun gidan ga. Layin masinja anka haihe ni."

Jama'a, akwai kunyar da mutum zai so ƙasa ta tsage ya shige. Ni kuwa na riga na shige rabi, kuma wallahi sai da na yi tunanin ƙarasawa. Garin fitowa hulata ta maƙale ta faɗa ciki. Na fito da yanar gizo a gira, gwiwoyina fari fat, na tarar Inna Ige ta kifa kai a kan tire tana dariya har da tari. Ɗaya daga cikin dattawan ya kwanta a tabarma yana bugun ƙasa.

Na ce, "Inna, ashe kun sani? Kunka bar ni shekara da shekaru?"

Ta share hawaye da gefen gyale ta ce, "To mu hana ka, mi za mu kallo? Kai kaɗai ka ba mu dariya unguwar ga." Sannan ta ƙura wa tsohon ido, dariyar ta tsaya cak. Ta dafa ƙirji. "Wa nika gani haka? Ba Bawa na kuku ba ne?"

Bawa. Daga Maradun. Baffan Shafa'atu ke nan.

Aka shiga gaisuwa da salati da tambayar waɗanda suka mutu, ni ina tsaye ba hula kamar wanda aka kama a gonar rake. Da suka natsa, ya juyo ya ce mini da ma wani tela ya zo nema a unguwar. Na ce da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba, "Baba, ni na."

Ya ce, "Na sani tun tasha. Ɗiyar ta ce ba sai na yi tambaya ba, in na ga wanda bakinai bai hutawa, shi na."

Abin da ya biyo baya shi ne wuni mafi daɗi da mafi ɗaci da na taɓa yi. Ya ce in ɗauko jaka, muka sake zagaya Bariki, wannan karon shi ke magana. Ya nuna mini cewa a gindin tsamiyar nan ake sauraron ƙara, a fili, da tafinta a tsakani. Ya ce rijiyar da muke jingina wa Bature, mutanen ƙauyuka ne aka tilasta suka haƙa ta, daga su Ruwan Gizo da Jangebe ake kawo su, kuma wasu zanen da ke bakinta igiyar gugar mahaifiyarsa ce ta yi su. Darbejiyoyin nan, shi da sa'o'insa suka yi ta ba su ruwa da tulu suna 'yan tsirrai, ana bin su da bulala. Ya nuna mini kangon ɗakin da aka yanke masa cibi kafin iyayensa su ƙaura zuwa Maradun, ya tsaya ya yi wa iyayensa addu'a. Na zaci na san unguwarmu, ashe bangonta kawai na sani. Ranar na ƙara son ta, na kuma tabbata na rasa Shafa'atu. Wane mai hankali zai ba da 'yarsa ga wanda ya kai ƙara masai?

Ya koma Maradun bai ce mini uffan a kan aure ba. Da yamma Shafa'atu ta kira ni, na ɗauka, ba ta iya cewa komai ba sai dariya, ta kashe. Ta sake kira, ta sake kashewa. Na kwana biyu ba na iya cin tuwo. A unguwa kuwa labari ya tsallaka kwalbati, mahauta suka samu nama. In na je sayen tsire sai a ce, "Mai ƙara, an biya ka gonar?"

Sai ga saƙo, wai iyayena su je. Kawuna da ya jagoranci tafiyar shi ya kawo mini yadda aka yi, yana faɗa yana riƙe ciki. Ya ce Alhaji Bawa ya tara 'yan'uwansa a zaure, ya ba su labarin tun daga tasha har zuwa hula, bai rage komai ba. Da aka gama dariya sai ya ce, "Tarihinai duk shirme na. Amma ya ɗaukam mani jaka bai san ko ni wa ne ba, kuma da nig gyara mai bai yi gardama ba. Yaron da ad durƙusa ma masai don son garinsu, ba shi wulaƙanta ɗiyata. Na ba shi."

Yanzu 'ya'yanmu uku. Har yau ina kai baƙi ɗakin nan, ina gaya musu gaskiyar abin da yake, a tsaye. Inna Ige ta ce na ɓata mata unguwa. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka durƙusa wa abu, ka tambayi tsofaffi ko mene ne. In kuma ka ga sun bar hira sun zuba maka ido suna murmushi, kada ka ce iliminka ne ya burge su.