Tumbin Dorina a Gaban Majalisar Masu Magani

A wani daji da Allah Ya albarkace shi da ruwa da ciyawa, yayin ƙugu irin na zanzaro ya shigo. Dorina ta dubi inuwarta a tafki, ta ce atafau sai an yanke mata tumbi kafin bikin sabuwar ciyawa.

Al'adar dajin ita ce ba a sa wuƙa sai majalisar masu magani ta duba mai nema. Dorina ta iso gindin kuka tana rangaji, zuciyarta fal murna, har tana hango yadda barewa za ta yi mata kallon hassada.

Zalɓe ya fara. Ya kara kunne a ƙirjinta, ya latsa cikin. Sa'an nan ya ce, "Yaya Dorina, numfashinki gajere ne. Kuma ɗinki ba ya kamewa a cikin ruwa, ke kuwa in kika wuni a tudu fatarki tsagewa take yi. Jiki amanar Ubangiji ne. Ki rage kiwo, mu sake dubawa da kaka. Gaggawa aikin shaiɗan."

Ran Dorina ya ɓaci.

Kura ta taso, ta mintsini kitsen, ta haɗiye yawu. "Tubarkalla! Ranki ya daɗe, ban taɓa ganin jikin da ya nuna irin wannan ba. Kada ki saurari mai dogon wuya, baƙin ciki ne. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe!"

Ungulu ba ta ko sauko daga reshe ba. Ta ce, "Ni na amince. Kuma ko yaya aikin ya kaya, ina tare da ke har ƙarshe."

Biyu suka rinjayi ɗaya. Dorina ta rangaɗa guɗa, ta juya don ta yi wa jama'a godiya. Nan ta ga 'ya'yan Kura sun jeru a bayan kuka, kowanne da ƙwaryarsa, dangin Ungulu kuma sun cika rassa.

"Waɗannan fa?" in ji ta.

"'Yan dubiya ne," in ji Kura. "Sun yi sammako."

Dorina ta dubi ƙoren, ta dubi tumbinta. Ta ce, "Malam Zalɓe, da kaka ka ce ko?" Ta ja da baya a hankali, har ta koma tafki, ruwa ya rufe ta.

Majalisa ta yi tir da halin masu neman magani na wannan zamani, aka shafa addu'a, aka watse ba a karya kumallo ba.