Gaisuwar Da Ta Ci Min Noman Rani

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na durƙusa a Bunkure na kasa tashi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Asali dai babur ne ya zuba ni a kanal ina ɗauke da injin ban ruwa, jijiyoyi uku suka tsinke a gwiwar dama. Aka yi min aiki a Kano, aka ɗaure ƙafar da wani abu mai ƙarafa, aka haɗa ni da sanduna biyu. Likita ya ja min kunne: in ina son shiga gona lokacin dashen tumatir, kada in kuskura in lanƙwasa gwiwar nan sai ya ce.

Sati biyar ina bin doka, sai ɗaurin auren ƙanin matata ya taso a Bunkure. Abokaina kuwa sun sa ni gaba, wai raki ne, wai da mai ɗori ne da tuni na miƙe. (Mutanen da ko targaɗe ba su taɓa yi ba!) Ni kuma sarkin zuciya na kwance ƙarafan, na zumbula babbar riga, na bar sandunan a mota.

Na lallaɓa har ƙofar gida, sai ga surukina a tabarma cikin dattawa. To, ɗan gidan wa zai gai da suruki a tsaye? Kafin hankali ya tsoma baki, jiki ya riga ya zube.

Ji na yi ƙas, wuta ta ɗauke min.

"Baba, ina kwana?" na ce, gumi na tsiyaya. Gaisuwa ta ƙare ban tashi ba. Na tambayi gajiya sau uku, na tambayi shinkafa, har shanu na tambaya (ko tunkiya ba shi da ita). Masu jiran gaisuwa sun yi layi a bayana.

"Malam, lafiya dai?" in ji surukina.

"Baba, ƙafar ce ta ƙi."

"Wa ya aike ka? Ba na ce a gaya maka ka yi zamanka ba?"

Wallahi matata ta gaya min. Na ɗauka kara ce irin ta manya.

A baron kwasar albasa aka kai ni mota, babbar riga na jan ƙasa. Masu turawar kuma su ne dai 'yan baƙin cikin nan masu cewa raki ne, suna dariya har da riƙe ciki.

Likita ya duba ya ce ɗinkin jijiya ɗaya ya saki, ya ƙara min wata biyu, ga gashin ƙafa. Ina zaune a zaure aka yi dashe aka gama, gonata ta zama wurin kiwon awaki.

Yanzu ko kakan surukina ne ya zo, daga tsaye zan ɗaga masa hannu. A ce ba ni da kunya, na ji na yarda. Kunyar na gwada ta, ba ta shuka min ko tushe ɗaya ba.