Rasuwar Dattijo, Kekena Mai Ƙafa Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, ni Nafi'u Sule Gwarzo, mazaunin Mount Hope a nan Bronx, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekena mai ƙafa uku, wanda mutanen gidanmu suka sani da suna Dattijo. Ya cika a ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, ɗaure da sarƙa, bayan doguwar jinya.

Marigayin ya shigo hannuna ne bayan shanyewar ɓarin jiki ta same ni, shekarar da na ajiye aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti. Hannun hagu ya mutu, ƙafa tana ja, harshe ya yi nauyi. Aka karɓe mini tuƙi, matattakalar jirgin ƙasa kuma ta fi ƙarfina. 'Yata Fauzia, wadda nas ce, ita ta kawo shi bisa shawarar likita. Da farko na ƙi ko kallonsa, na ce ni da furfurata ba zan hau keken yara ba. Bai yi fushi ba. Ya tsaya a zauren bene yana jirana har ranar da zaman ɗaki ya ishe ni.

Ina shaida a gaban kowa cewa Dattijo mai haƙuri ne. Bai taɓa kayar da ni ba, ko da na tsaya cak ina tunanin inda za ni. Bai san gaggawa ba, har 'yan makaranta kan wuce mu da ƙafa suna ɗaga mana hannu. Ba shi da yawan magana, in ban da ƙararrawarsa mai cewa kilin-kilin, da fedar hagu da ke yin ƙiiƙ duk lokacin da raunanniyar ƙafata ta taka ta. Kwandonsa ya ɗauki doya, ya ɗauki magani, ya ɗauki darduma. Shi ya mayar da ni mutumin da ke fita ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba. Masallaci, kanti, gaisuwar mara lafiya, duk ni da shi muke zuwa mu dawo, ba wanda ya tambaye mu ƙarfe nawa za mu gama.

Duk wannan ya yiwu ne saboda ɗan layin kekuna da ke gefen titinmu, mai koren fenti, da sandunan roba da suka raba shi da motoci. Faɗinsa daidai faɗin Dattijo, kamar tela ne ya auna.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga muhawara. Masu kantuna suka ce layin ya hana su sauke kaya. Direbobin tasi suka ce ranar Juma'a sai su yi ta zagaya unguwa suna neman wurin ajiye mota har liman ya sallame. Jagoransu abokina ne, Kadri, mutumin zangon Kumasi, wanda muke sahu ɗaya da shi tun zuwana ƙasar nan. Ba zan zalunce shi ba, yana da hujja, na sha ganinsa yana shigowa a guje ana tahiya. Masu kekuna su ma suka taso da kwalaye masu rubutu, suna cewa rai ya fi wurin ajiye mota. Sai aka kira taron jin ra'ayin jama'a a zauren wata makaranta.

Na je taron a kan marigayin, na sa babbar riga, na yi kwanaki ina shirya abin da zan faɗa. Kowane mai magana an yanka masa ɗan lokaci, ga agogo a gaban matar da ke shugabanta. Da aka kira sunana na miƙe, na yi abin da aka koya mini tun ina yaro. Na yi sallama. Na gaishe da shugabar, na gaishe da waɗanda ke zaune tare da ita ɗaya bayan ɗaya, na yi musu sannu da aiki, na tambayi iyali. Na juya na gaishe da dattawan unguwa da suka taso duk da sanyi. Harshena kuwa kun san yadda yake, kowace kalma sai na jawo ta. Ina buɗe baki in ambaci keke, agogon ya yi ƙara. Aka yi mini tafi, wani saurayi ya kama hannuna da ladabi ya mayar da ni kujera.

A bakin ƙofa Kadri ya rungume ni ya ce, "Malam, ka yi magana mai kyau wallahi! Yanzu parking zai samu." Ya ɗauka gefensu nake. Na hau Dattijo muka koma gida.

Da sanyi ya wuce aka zo aka tumɓuke sandunan, aka kankare fentin. Na ce ai titi na kowa ne, na fita. Dattijo mai faɗi ne, ba ya iya raɓewa, motoci suka yi layi a bayanmu suna ta hon. Wata motar kaya ta gaji da jira ta matse mu, ta murɗe masa ƙafar baya. Ko a nan bai kayar da ni ba, ya karkata ya tsaya, na sauka da ɗan ƙujewa a gwiwa.

Fauzia ce ta sa masa sarƙa da hannunta. Ta ce, "Baba, please. Kullum ina ganin irin wannan a emergency, ba zan zauna in jira a kawo min kai ba. Ka yi fushi da ni, it's okay." Tana faɗa tana kuka, shi ya sa ban yi musu ba. Ruwan sama ya shiga ɗakin ajiyar, tsatsa ta kama shi tun daga gindi. Da Kofi mai gyaran keke ya zo dubiya, ya murza feda, ko ƙiiƙ ɗin bai fito ba. Ya cire hularsa ya ce mu yi haƙuri.

Marigayin ya bar famfon iska ɗaya, da hular kwano wadda ban taɓa yarda ta zauna daidai a kan hulata zanna ba, da kwando, da kwaɗon da mabuɗinsa ke jakar Fauzia. Ya kuma bar ni, a hawa na huɗu, ina leƙen titi ta taga. Ina kewarsa ƙwarai, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Muna roƙon duk wanda ya taɓa ɓata wa rai ya yafe masa, musamman Madam Akua mai kanti, wadda ya taɓa ture wa tiren tumatir, da direbobin da ya tsare wa hanya a fitarsa ta ƙarshe. Mu ma mun yafe. Kadri ya zo ta'aziyya tun kafin a sanar, ya yi alkawarin kai ni masallaci kowace Juma'a, kuma yana cikawa. Ina zama a baya, ya ɗaura mini bel, in yi godiya. Sauran kwanakin mako ina gida.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar. Liman ya ce babu salla, amma ba laifi a yi rakiya. Za a ɗauko shi a kafaɗa daga ƙofar gidanmu, a bi gefen masu tafiya da ƙafa zuwa shagon Kofi, inda za a raba abin da ya rage na jikinsa ga kekunan masu kai abinci. Za a karɓi gaisuwa a falona, Fauzia za ta dafa shayi.

Masu zuwa da mota kada su damu, yanzu akwai wurin ajiyewa har ƙofar gida. Ina dai roƙon ɗaya daga cikinsu ya hau sama ya ɗauko ni, don ina so in raka shi, kuma ba ni da yadda zan kai kaina.